Rijiyar Babana Ta Hana Gidana Sayuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana don Allah, na san duk ɗan Anka da ya karanta wanga zai gane ni, amma dai kada ka ƙara mishi sauƙi. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa tankawa ba, yau tawa ta kawo ni. Shawara nike roƙo don girman Allah, ta gaskiya, ba "ka yi haƙuri komi mai wucewa ne" ba, wannan na sani tun ba a haifi rabinku ba.

Ni na ba hamsin baya kaɗan. Boko a aji biyu na sakandare na tsaya, in kun ga rubutun ya karkace ku bi ma'ana. Noma nike yi da ɗan saye da sayar da hatsi ranar kasuwa. Gonata tana can hanyar Bagega, kun kuwa san yadda daji ya koma, damina biyu ke nan ban sa fartanya cikinta ba. Surukina mutumin Gummi ne, dattijo mai mutunci, shi ya ce in taso in dawo can ya yanka mini fadama in yi shinkafa. Munka yi magana a kan zan sayar da gidana na Anka in sayi ɗan wurin zama a Gummi. Sai na tura uwar ɗiyana da yara gidanshi, na ce mata wata guda ne ina bayanku. An yi ƙaramar Salla, an yi babba, ga azumi ya sake matsowa, har yau suna ɗakin da ta yi ƙuruciya, ni kuma ina nan ni kaɗai cikin gidan da ya ƙi sayuwa.

Gidan ba ya da laifi. Cikin gari yake, ɗaki huɗu da zaure, tsakar gida mai faɗi, babu rigimar gado don 'yan uwana mata sun ɗauki nasu a fili, takarda ta fito da sunana. Abu guda ne kurum, akwai rijiya a tsakiyar tsakar gidan. Babana ya gina ta wata shekara da anka yi fari tun ina yaro, ruwanta mai daɗi, ko rani ya kai ina ba ta ƙafewa. Tun ranar da ta ba da ruwa ya ciro ƙyauren zaurenmu ya jingine, ya ce gidan da ke da ruwa ba a sa mishi ƙofa. Da zai rasu, ina riƙe da kanshi, ya ce mini kada in hana kowa ruwan nan. Haka munka tashi, haka ɗiyana sunka tashi. Daga asuba har magariba mata da yara na shige da fice da bokiti da jarka, unguwa duk gidan rijiya suke ce mana, ko mai babur ka gaya ma haka zai kawo ka. Kuma tun da anka yi maganar gubar dalma, anka ce ƙoramar da masu zinari ke wanke ƙasa ba ta shawuwa, mutane sunka ƙaru. Fanfon burtsatsen unguwar ya lalace ba wanda ya waiwaye shi. Mai hali ya sayi na 'yan garuwa, marar hali gidana.

Da farko ban ɗauka rijiyar matsala ce ba, har alfahari nike da ita, na ce ma Mamman dillali ya riƙa gaya ma masu saye gida ne mai ruwa. Ya kawo mutum na farko, ma'aikaci ne na ƙaramar hukuma, ya zagaya ya ce katanga ta zaizaye. Na kira magini anka yi yaɓe da siminti ciki da waje. Na biyu ya ce kwanon ya yi tsatsa, na sayar da buhunan geron da nike ajiya na canza kwano. Mamman ya ce mutanen yanzu ido suke saye, in yi fenti, na yi fenti ruwan madara da ratsin kore. Ya ce a daɓe tsakar gida, na daɓe. Ya ce bayi na gargajiya ba ya tafiya, na sa tayil a wurin da ban taɓa mafarkin zan sa tayil ba. Har dalbejiyar da ke ƙofar gida na sa anka sassabe wai don gidan ya fito a hoto, yanzu ko inuwar zama ba ni da. Gidan da na zauna shekara da shekaru da iyalina ban gyara musu shi haka ba, sai da sunka tafi. Na tura ma uwar ɗiyana hoton, abin da ta ce kurum shi ne ashe gidan na iya kyau.

Duk da haka mutum zai zo, ya yaba, ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba ka sake jin ɗuriyarshi. Ranar da idona ya buɗe wani mai shago ne ya zo da matarshi. Muna tsaye ina nuna musu tayil, sai ga wata yarinya da bokiti ta ratsa tsakaninshi da matar ko sallama babu, bayanta wasu mata uku suna faɗa a kan guga, bayansu akuyar wani ta biyo lema. Matar ta ja mayafi ta dubi mijinta ta ce, "Nan za ka aje ni? Kasuwa?" Ko ɗakin ƙurya ba su leƙa ba. A waje Mamman ya ce mini, "Mai gida, ko zinari ka shafa ma bangon nan ba mai saye. Wa zai kulle matarshi a gidan da ba ƙofa?" Na ce to mi ya hana ka faɗa tun kafin in sayar da gerona? Ya ce ai ya ɗauka na sani.

Na yi ta neman dabara. Na kira magini na ce a ja katanga a fitar da rijiyar waje, ya auna ya ce tunda a tsakiya take sai an yi lungu tun daga zaure, gidan zai rabe biyu, mai ɗakin gabas sai ya fita titi kafin ya je bayi. Na yi tunanin sa inji a ja ruwa zuwa tanki a waje, to da wace wuta, kuma wa zai riƙa sayen mai? Ranar da injin ya tsaya dai ƙofar za a buga. Na je wurin mai unguwa na ce tunda jama'a ke amfana su haɗu su sayi gidan ko da ragi, ya tara dattawa, anka yi mini addu'a mai tsawo, anka ce Allah ya kawo mai saye mai tsoron Allah, kowa ya kaɗe rigarshi. Ruwan na kowa ne, gidan nawa ne ni kaɗai.

Raina ya ɓaci, na sa kafinta ya yi ƙyaure na kafa a zaure na sa kwaɗo. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi da safen farko. Ba wanda ya zage ni, da ma zagin anka yi da ya fi. In na buɗe zan fita masallaci sai in tarar da bokitai da jarkoki an jera su a ƙofar gida, babu mutum ko ɗaya, bokitan kurum. A sahu wanda ke kusa da ni sai ya ɗan ja kafaɗa. Sai ga Inna Kulu ta zo. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ita ta shayar da ni lokacin da Innata ta yi ciwo bayan haihuwata, don haka uwa ce gare ni. Ta zo da 'yar butarta tana dogara sanda, ta zauna a dakalin ƙofa cikin rana, a wurin da da akwai inuwa. Na ce Inna ki tashi in ɗebo miki in kai miki har ɗaki. Ta ce, "A'a ɗan nan, ni ban zo roƙo ba. Ƙofar na zo gani, an ce mini ka yi ma ubanka ƙofa." A ranar na ciro ƙyauren da hannuna, yana nan jingine inda Baba ya jingine nashi.

Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce maganar Baba wasiyya ce kuma rijiyar ta zama wakafi, in na rufe ta na yanke mishi ladar da ke isa gare shi a kabari. Ɗayan ya ce gida nawa ne, haƙƙin iyalina ya fi ƙarfin haƙƙin maƙwabta, kuma ba a tilasta ma mutum sadaka. Duk su biyun sun kawo hujja, duk su biyun matansu na gidajensu.

A Gummi kuwa abin ya fara tsami. Uwar ɗiyana ba mai yawan magana ba ce, amma yanzu in na kira sai ta ba yara wayar. Babbar ɗiyata ta ce mini matan gidan na tambayar innarsu wai ko sakinta anka yi ake ɓoyewa. Ƙaramin ya fara kiran kawunshi Baba. Da na je ganinsu a zaure na kwana kamar baƙo, ina cin tuwon surukina, ina jin matata na tari ta bayan katanga ba ni da halin shiga. Da zan taho dattijon ya raka ni bakin hanya, ya ce shi bai gaji da ciyar da jikokinshi ba, amma mace da aurenta ba ta dawwama gidan ubanta. Ya ce kafin ruwa ya sauka ko dai in zo in kama wuri in ɗauki iyalina, ko in maida su Anka, ko kuma in sawwaƙe mata ta san matsayinta. Fadamar ma akwai mai so. Bai ɗaga murya ba. In na maida su Anka mi za mu ci, tayil?

To yanzu ga inda nike. Mamman ya kawo wani yaro, a gabana anka haife shi, da jakin ubanshi yake kai itace kasuwa, yanzu zinari ya ɗaga shi ya zama Alhaji. Ya ga gidan ya ce ya yi mishi, zai fasa zauren ya sa get ya riƙa shigar da mota, kuma kuɗin da ya taya za su saya mini wuri a Gummi har da ragowar taki da iri. Shi ne mutum na farko da ya taya da gaske. Sharaɗinshi ɗaya, a cike rijiyar a daɓe wurin kafin ya biya. Na ce ka saya mana, in ya zama naka ka yi yadda ka so. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ni da zan zauna cikin unguwar? In na cike ta da hannuna har jikokina za a zaga. Kai da za ka tafi, kai za ka cike." Kun ji. Yana son gidan, ba ya son zunubin, ni zan ɗauka in tafi da shi Gummi.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ce ya ba ni lokaci. Shi kuwa Mamman da la'adarshi ke gabanshi bai jira ba, shekaranjiya sai ga tifa ta juye ƙasa da tsakuwa a ƙofar gidana, wai Alhajin ya biya kuɗin ƙasar, lebura na jiran kirana.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya biyo baya. Bakin rijiyar ya daɗe da tsagewa, mata sun sha yi mini magana kada yaro ya zame. Da sunka ga tulin ƙasa da tsakuwa, sunka ga kuma na gyara ko'ina saura nan, sai sunka ɗauka bakin rijiyar zan ɗaure. Ba wanda ya tambaye ni, kowa ya yanke haka. Jiya duk wadda ta shigo ɗiban ruwa sai ta tsaya ta ce Allah ya saka, Allah ya jiƙan Malam, wato Babana. Waɗanda sunka ja kafaɗa a masallaci sun ba ni hannu. Samarin unguwa sun ce kada in ɗauki lebura, ranar Juma'a bayan an sauko za su zo da shebur su yi aikin kyauta, har su yashe ta. Yau da safe Inna Kulu ta aiko mini da fura a ƙwarya, da ruwan rijiyar anka dama ta, ta ce a gaya mini ta san nonon da na sha ba zai ba ta kunya ba. Na karɓa na ce na gode. Furar tana nan gabana ban sha ba, ban kuma iya zubarwa ba.

Ku gaya mini, ku da kunka yi karatu kunka fi ni sanin duniya. In cike rijiyar in karɓi kuɗina in je in ɗauki matata, in bar tsohuwar da ta shayar da ni tana neman na sayen ruwa, in bar Baba da abin da na yi mishi? Ko in bar ta a buɗe, in zauna ina gadin ruwan mutane cikin gida mai fenti, ɗana na kiran wani Baba? In akwai hanya ta uku da ban gani ba ku nuna mini, amma kada wanda ya ce in sake fenti ko in rage kuɗi, na yi duka. Kuma don Allah ku amsa da wuri. Jibi Juma'a, samarin za su zo da shebur, kuma dole in gaya musu inda za su zuba ƙasar.