Ƙasar Gonar Solomon

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Ɗanjuma Yelwa, mazaunin Mararaba, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana uku: Manniru, Surayya da Lukman. Ƙafafuna sun ƙi ni, amma hankalina yana nan daram. Na faɗi haka ne musamman saboda kai Manniru, da ka ce wa ƙanwarka tsufa ne ya sa nake ta maimaita zancen ƙasa. Ba tsufa ba ne. Karanta har ƙarshe.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba muku yadda shari'a ta tsara, ban fifita kowa ba. Sheburana, da baro, da manjagara, Lukman ya ɗauka, shi ya gaji sana'ar. Littattafaina na makarantar aikin gona a ba Surayya, ko da gara ta ci gefensu.

Na biyu. Baƙar ƙasar lambun bayan gida ba ta cikin gado. Haƙƙi ce ta wasu, a fitar da ita kafin a raba komai. Ga dalili.

Bayan na bar aikin gwamnati na shiga kai wa manyan gidaje ƙasar shuka, a Maitama da Asokoro da Gwarinpa. Kun sani ƙasar da ake gini a kanta a garin nan ja ce, ba abin da take riƙewa, kuma duk wanda ya gama gida yana son koriyar ciyawa a ƙofarsa. A lokacin nake sayen taki wurin wani manomi a Paikon Kore, Solomon. Muka saba har nakan ci doya a gidansa. Gonarsa tana gangaren rafi, baƙa wuluk, in ka luma hannu sai ka fito da tana.

Wata shekara na sami aikin rukunin gidaje, ana son tifa arba'in cikin mako biyu. Na roƙi Solomon ya bar ni in ɗebi ƙasar gonarsa. Ya ce da irin Hausarsa, "Malam, ka ɗauka bakin shebur ɗaya kawai, ƙasa zai dawo. Kar ka wuce." Na yi masa alkawari. Ya tafi biki Kwali kwana uku. Ni kuwa na ga leburori da shebur ba za su cika mini aikin ba, sai na kawo katafila. Ina tsaye a wurin. Na ga baƙar ta ƙare, na ga ja ta fara leƙowa, ban ɗaga hannu na ce a tsaya ba. Ni da aka koya wa a aji cewa zurfin yatsa ɗaya na irin wannan ƙasa yakan fi ran mutum daɗewa kafin ya taru. Ba zan ce ban sani ba.

Damina ta zo, ruwa ya kwashe ɗan abin da ya rage ya zuba a rafi. Solomon bai kai ni ƙara ba, bai zage ni ba. Da muka haɗu a tasha cewa ya yi, "Malam, ka ci gona na." Ya wuce. Shekara shida da suka wuce ya rasu, ban je gaisuwa ba don kunya.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku Luba ta koma ga Allah, shi ne wannan: tifa biyu daga cikin arba'in ɗin nan a bayan gidanmu na juye su. Alayyahon da kuka ci, da tumatir, da zogalen da take muku kwaɗo, duk a kan ƙasar Solomon suka fito.

Bara na sa aka kai ni Paikon Kore. Gonar tana nan kamar bayan ƙwarya, zaizaya ta tsaga ta gida uku. Matarsa Magdalena ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dafa doya. Da na yaba doyar sai ɗansu Jacob ya ce a kasuwa suka sayo. Matar Solomon tana sayen doya a kasuwa! Tun daga ranar, duk sanda na tuna abin da malamai suke faɗa game da wanda ya ci ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ce, sai in rasa inda zan sa kaina.

Na uku. A kwashe ƙasar lambun duka a kai wa Magdalena, kafin ruwan farko. Shekara goma sha biyar ni da Luba muna zuba mata ruɓaɓɓen ganye da takin shanu, ta ƙaru, za ta yi tifa biyar ko shida. Na sani ba ta kai arba'in ba. Kada a watsa ta ko'ina, ruwa zai tafi da ita. A fara jera duwatsu a tare bakin zaizayar, a sassare jar ƙasar da diga don sabuwar ta kama, sannan a shimfiɗa ta a sashen sama, zurfin bakin shebur. Shekarar farko a shuka wake ko gyaɗa, a bar harawar ta ruɓe a wurin. In Jacob ya ce ga yadda yake so, a bi nasa. Gonarsu ce.

Na huɗu, gare ka Lukman. Sau biyu na roƙe ka wannan aiki, kana ce mini sai an gama damina, sai an gama rani. Na ji kuma ka yi wa wani oga a Maitama tallar ƙasar nan. Kada ka sayar. Ga abin da nake so ka riƙe a sana'a. Kada ka karɓi tifa sai ka hau ka luma shebur har ƙasa, don akwai masu shimfiɗa baƙa a sama, ja a ƙarƙashi. Jiƙa ta ka dunƙula: in ta ruguje nan take yashi ya yi yawa, in ta manne kamar tuwo laka ce, za ta shaƙe saiwa. Ta kirki takan dunƙulu, ka taɓa ta da yatsa ta warware. Sansana ta, in tana wari daga bola take, za ka tarar da leda da kwalba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone ciyawa, bar shi ya huce. Duk wannan ka sani. Wanda ban koya maka ba shi ne ka tambayi direba daga gonar wa aka ɗebo, kuma me aka bar wa mai ita. Ni ban damu da wannan tambaya ba, ga inda ta kai ni.

Na biyar, gare ka Manniru. Shagunan da kake son ginawa a wurin lambun, gina abinka in 'yan'uwanka sun yarda, amma bayan an kwashe ƙasar. Kada ka zuba siminti a kanta. Wata takwas ke nan ba ka magana da Lukman a kan wannan fili, kowa yana zuwa gaishe ni a ranar da ya san ɗayan ba ya nan, ku zauna minti goma ku tashi. Ina lura. Abin da kuke faɗa a kansa ba naku ba ne, ba nawa ba ne. Kai ne babba, kai za ka fara kiran ƙaninka.

Na shida. Surayya, na san ke abin zai fi yi wa ciwo, don a lambun nan kike ganin mahaifiyarki. Ni ma nan nake zama da hantsi, ba ni da abokin hira sai shi. Ki yanki reshen zogalenta ki dasa a gidanki. Ƙasar kuwa, in kina son ko bokiti ɗaya, ki roƙi Magdalena. In ta ba ki, halak ɗinki ne.

Na bakwai. Ranar da tifar farko za ta tafi, ku je ku uku, kada ku aiki direba shi kaɗai. Ku karanta wa Magdalena da Jacob wannan takarda, kada ku tsallake zancen tifa biyun. Ku nema mini gafararsu. In sun ƙi, kada ku ji haushi, ku sauke ƙasar ku yi godiya ku dawo, baɗi ku koma da taki.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya haɗa kanku, kada Ya bar ɗayanku ya ci abinci alhali ɗan'uwansa yana fushi da shi. Ku riƙe juna, ku riƙe mutanen Paikon Kore. Ni kuma in lokaci ya yi, kada ku wahala wajen zaɓa mini wuri. Jar ƙasa ta ishe ni. Baƙar ku mayar wa masu ita.

Mahaifinku,
Ɗanjuma Yelwa