Jar Rigar da Ta Ɓace Daga Layin Hagu

Anti Sarojini, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ni ba mai digiri ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Da keken ɗinki ɗaya na shigo Mumbai, yau shagona na unguwar Andheri ke ba masu shirya fim hayar kaya. Shekara ashirin da shida ina sana'ar nan, don haka mata ba za su ruɗe ni ba. Layi biyu ne a shagona. Na dama sari ne, na matar kirki mai kunna fitilar ibada tana jiran miji. Na hagu matsattsun riguna ne masu ƙyalƙyali, na mai raba aure, wadda ba ta wanyewa lafiya a fim.

Watan jiya wata jar riga ta ɓace daga hagu. Ran Talata na manta kwanon abincina, na koma gida da rana, sai na hango matata Malati ta taga sanye da ita gaban madubi, ta saki gashi, tana juyi tana murmushi. Matar da ko gaban ƙanena ba ta buɗe kai! Har ta buɗa ƙugun daidai jikinta. Da yamma ta tarye ni da sari da shayi kamar ba komai. Na bincike wayarta ban ga komai ba, wannan ma ya ƙara min zargi. Wa take yi wa? Ina shirin mayar da ita gidan wanta a garin Nashik.

Mai Tsayuwa da Ƙafarsa

Ɗan'uwana,

Ɓoyon ya yi maka ciwo, kuma da gaskiyarka. Amma kai ka fi kowa sanin cewa yarinya ɗaya kake ɗaura wa sari da safe, ka sa mata matsattsiyar riga da yamma, kuma halinta bai sauya ba. Haya ce.

Abin da ka gani: ɗaki, madubi, mace ita kaɗai. Kwarton da kake nema bai fito a wasiƙarka ba. Ina jin kai take ɓoye wa rigar, don ta daɗe tana jin sunan da kake kiran masu sa ta.

Ka bar wayarta, ka manta da Nashik. Ka faɗa mata ka gani, sannan ka yi shiru ka saurara. Ɗaruruwan mata ka auna a Andheri. Ɗauki tef ɗinka ka auna matarka, ka ɗinka mata wadda ba ta haya ba, launin da ta zaɓa.

Allah ya daidaita tsakaninku.

Anti Sarojini