Ɗigon Jan Farce Bakwai

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata, abokiyar kukana,

Yau kwana goma sha tara da kika ɗauki jakarki kika koma gidan yayarki. Sau uku ina zuwa, sau uku tana tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Mai gyara, ka yi haƙuri, ba ta son ganin hannunka." Ba fuskata ta ce ba, hannuna. To ga shi hannun ne ya rubuto miki, don ba ni da wani.

Kin tuna ranar da na kawo wa 'yarmu ɗan fiyanon nan na wasan yara? Tsoho ne, wani ya bari a shagona, maɓallansa na roba duk sun yi rawaya kamar tsohuwar takarda. Kika yi dariya har da riƙe ciki, wai mai gyara ya kwaso wa 'yarsa bola. Amma ke ce kika zauna a ƙasa da kwalbar jan farcenki, kika ɗiga alama a maɓalli bakwai don ta san inda za ta taɓa. Waƙa ɗaya ta iya, ta kuwa buga ta har maƙwabta suka haddace. Ita ce ta fari, ita ce auta, zazzaɓin kwana uku ya raba mu da ita tana shekara huɗu.

Shekara biyu fiyanon yana kan durowa, kina wucewa kina kau da kai. Ni kuwa don wauta na ɗauka rawayar ce take ƙona miki rai. Ranar da kika tafi aiki, na kwance notinansa, na zare maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na wanke da sabulu da buroshi. Jan da ya ƙi fita na bi shi da auduga da sifirit. Na shafa musu maganin da ke mayar da roba fara, na naɗe a leda, na shanya a rana awa shida, kamar yadda nake yi wa na kowa. Hannuna ya saba: duk abin da ba roba ba ne, datti ne.

Suka fito fari fat. Na miƙa miki ina jiran yabo. Kika shafa da yatsa kina neman ɗigon, sannan kika ce, "Ita ma ka goge ta." Garin neman gira na rasa ido. Wane uba ne zai wanke sawun 'yarsa, ya tsaya yana murmushi?

Hasken ɗakina, ban ce ki yafe ba, ina jin kunyar roƙon. Na sayo jan farce irin naki, na zauna zan mayar da alamomin, sai na tarar ban san waɗanne bakwai ba ne. Shekara guda ina jin waƙar daga bakin ƙofa, ban taɓa durƙusawa na kalli yatsunta ba. Duk duniya ke kaɗai kika sani.

Ki zo ki nuna mini, ko da daga nan za ki juya.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har a kwantar da ni kusa da ita,
Baban 'yarki