Hannun Jadranka

Litinin, 4 ga Maris 2019
An gayyace mu wasan tuna farkon kiɗan pank, kiɗan nan mai amo na matasa 'yan tawaye, a garinmu Rijeka. Yau muka yi gwajin farko a garejin Krešo. Mu uku, duk furfura. Sandar ganga ta suɓuce wa Jadranka a tsakiyar waƙa. Ta ce gumi ne. Garejin kuwa sanyi kamar firji.

Alhamis, 7 ga Maris
Hannunta na dama rawa yake yi. Na gani da ta ɗauki kofi. Macen da ta fara buga ganguna a garin nan, lokacin da 'yan sanda ke kashe mana wuta, ita kuma ta ci gaba da duka a cikin duhu har jama'a suka ƙi watsewa.

Talata, 12 ga Maris
Krešo ya ce a sa Tihana, ɗalibar Jadranka, a madadinta, wai ni zan faɗa wa Jadranka tunda ni ne mai bakin waƙa. Na zage shi. Matsoraci.

Asabar, 16 ga Maris
Na je gidan Jadranka. Tana soya kifi, ina ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Boro, tsohon banza, ka gama? Tun jiya na kai wa Tihana gangunan." Likita ya gaya mata tun kaka cewa hannun ba zai warke ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Na kasa cin kifin.

Laraba, 20 ga Maris
Ba na son yarinyar nan Tihana. Ba ta yi mini komai ba.

Lahadi, 24 ga Maris
An yi wasan jiya. Tihana ta yi dukan Jadranka sak, har gaggawar nan tata kafin amshi. Haushi ya kama ni. Da aka ambaci sunan Jadranka, mata suka ɗaga sanduna sama, wasu sa'o'in jikokinmu. Ban san suna da yawa haka ba. Ita kuwa tana jikin bango, hannu a aljihu. Bayan an tashi ta ce muryata ta mutu, in daina shan taba.

Laraba, 27 ga Maris
Tihana ta kira, wai tana da sabbin waƙoƙi, ko zan zo in ji. Na ce ni da Jadranka kaɗai nake kiɗa, na kashe waya.
Da yamma na biya kanti na sayo wa jitata sabbin tsirkiyoyi. Tsofaffin dama sun yi tsatsa.