An Fasa wa Habibu Kai a Layin Zaɓe

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin Jos? Yaya Hajiya da yara, da ciwon ƙafarka? Ka yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya.

Ranar Asabar aka taru a Getso don sake shugaban ƙungiyarmu ta kula da marayu. A nan layi ake yi a bayan wanda ake so, kowa yana kallo. Wa'adin Alhaji Mudi ya cika tuni, ya ƙi sauka. Ɗana Habibu ya wuce shi, baffansa guda, ya tsaya bayan Malam Isa, abokin takararsa.

Alhaji ya ce, "Kai ɗan Ladi, a gabana?" Nan take 'ya'yansa suka rufar wa Habibu da gora, suka fasa masa kai, suka karya masa hannu. A Gwarzo aka ɗinke shi.

An ɗage zaɓen zuwa Asabar mai zuwa. Habibu ya rantse ko a baro sai an kai shi layin. Maganarka kaɗai yake ji, Yaya, ka kira shi kafin ranar, ka hana shi zuwa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya.

Ƙanwarka,
Ladi