Kunun Inna

Maraɗi, watan Mayu 2020

Zuwa ga ƙanena Inusa, a Kwatano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah Ya ƙara mana haƙuri, Ya buɗe iyaka ka dawo gida. Mu nan muna nan dai. Ana ci, ana kwana, gari yana wayewa. Ka ce a waya ba ka gane yadda ciwon ciki zai ɗauke 'yarka Fadila ba, kuma ni bakina ba ya iya jero maganar, shi ya sa na rubuto.

Ciwon ya fara mata a cibiya, ya koma gefen dama, sai zazzaɓi. Ka san yadda garin yake yanzu, ana ta cewa duk mai zafin jiki idan ya je asibiti sai a ce korona ce a killace shi, uwa ma ba ta ganinsa. Matarka Samira ta ji tsoron a raba ta da 'yarta, ni ma haka. Muka riƙe yarinya a gida da farasitamol da jiƙo har ta daina miƙe ƙafa, sannan muka ɗora ta a kabu-kabu. Likita ya danna cikin, ya ce apandisit ne, wata 'yar hanji ce ta kumbura, da la'asar za a yi mata aiki. Ya ja kunne cewa ko ruwa kada ya shiga bakinta. Mutum ɗaya suke bari da majinyaci, Samira ta shiga, ni aka bar ni a waje.

Can sai ga Inna daga Jiratawa, da fulas ɗin kunun gyaɗa a zane. Ka san uwarka, a wurinta zuwa dubiya hannu biyu abin kunya ne. Mai gadi ya hana ta shiga, ta zauna a rana tana cewa ƙawarta Fadila na ciki da yunwa. Na tafi sayo magani, kafin in dawo ta lallashi wata mai shara ta kai fulas ɗin ciki. Fadila ta gane shi, ta yi ta kuka tana cewa kunun Inna ne. Samira ta ce min ta kasa mayar wa surukarta da abinci, ta kuma kasa kallon leɓen yarinyar da ya bushe. Ta ba ta rabin kofi.

Da likita ya ji, ya ɗage aikin zuwa safiya, ya ce ba a sa wa mai abinci a ciki maganin barci. Kafin safiyar hanjin ya fashe. An yi aikin, ta yi kwanaki, ranar Laraba ta cika. Na tambaye shi ko kunun ne, ya ce zaman da ta yi a gida ya fi kunun laifi. Ban sani ba, Inusa. Har yau ban yi kuka ba, ina dai wanke kwanuka ina karɓar gaisuwa kamar a gidan maƙwabta.

Samira tana jiran abin da za ka ce idan ka ji. Don Allah kada ka ɗora mata, riƙe yarinyar a gida da ni aka yi. Inna kuwa ba ta san kunun ya ɗage aiki ba, kuma ba mu gaya mata ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce ta gode Allah, jikarta ba ta tafi da yunwa ba. Da wannan take samun barci.

Nabil yana gaishe ka, yana tambaya ko za a ba shi jakar makarantar yayarsa. Kawu Zakariya'u na Tsibiri da Mansura suna yi maka ta'aziyya. Ka gaishe da Maman Lawali mai masaukinka.

Ranar Juma'a za mu kai wa Inna waya. Za ta gaya maka cewa Fadila ta sha kununta. Ka ce mata an gode.

Yayarka,
Tasalla