Jinin Asabe

Goronyo

Zuwa ga ɗiyar ƙanena, Likita Maiturare,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Jikata Asabe ta shekara biyar, ba magana, farfaɗiya ba ta bar ta ba. Tsofaffin gida sun ɗora wa uwarta laifi, wai Uwaliya ta tsallake magudanar dam da almuru tana da ciki, iskokin ruwa suka taɓa ɗiyar. Mijinta, ɗana Ƙasimu, ya maida ta gidansu a Lahodu, ya ce da an cire albasa zai sake ta. Na ce shirme ne, amma wa ke sauraren tsohon malamin kimiyya da gwamnati ta mance? Mi aka gani cikin jinin Asabe da kika aika ƙasar waje? Kada ki lallashe ni.

Baffanki, Tambari

Wurno

Baffa, Allah shi ƙara maka lafiya,

Na zo gida, sakamako na hannuna. A jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da kalsiyam ke tayarwa. Ko kalsiyam ya wuce, shi yana nan a farke, kamar damshin fangalin gonar rani bayan an toshe ruwa. Da taimakonsa muke riƙe abin da muka koya. Ƙwayar gadon da ke gina shi ce ta sauya a jikin Asabe, harafi ɗaya tak cikin rubutun ƙwayar. Babu sauyin a jinin Uwaliya, babu a na Ƙasimu. Ga Asabe ya fara. Magani zai rage farfaɗiyar. Magana kuwa, ban yi maka alkawari ba.

A gaida Inna.
Ɗiyarka, Maiturare

Goronyo

Maiturare,

Na kai takardarki bakin gona, na zauna ina kallon fangulan da aka ba ruwa jiya. Subhanallahi! Ashe Fatihar da na haddace a Rabah, da gonar babana da dam ya haɗiye, har da haushin da nake yi wa duniya, duk wani ɗan abu ne da ido bai gani ke riƙe min su. Na karantar da yara shekara da shekaru ban san wanga ba.

Na karanta wa Ƙasimu, ya ce, "To Baba, iskokin hwa?" Na ce, "Harafi ɗaya ne, kai. Tashi ka nemo mota."

Na gode, Allah shi yi maki albarka.
Baffanki

Goronyo

Maiturare,

Uwaliya ta dawo. Asabe ba ta ce komai ba. Ta dai ji muryarta tun daga zaure, ta saki hannuna, ta ruga.

Ashe ƙwaƙwalwarta ta riƙe uwarta, ɗiyata. Aiko maganin.

Wassalam,
Tambari